Wa Ke Bin Wani Bashi, Marubuci Ko Mai Karatu?

Duk wanda ya taso da karatun littattafan yaƙi ya san yadda ake rufe su. Jarumi yana tsakiyar kogon aljanu, takobinsa ya karye, dodo ya wangame baki, sai ka juya shafi ka tarar takarda ta ƙare, marubuci yana cewa a tare shi a littafi na biyu. Haka aka riƙa janmu daga na biyu zuwa na uku, daga na uku zuwa na biyar. Waɗansu labaran sun kai gaci. Waɗansu kuwa sun tsaya a hanya, aka bar jarumi a bakin dodo shekara da shekaru.

Daga Kano irin waɗannan littattafai suke fitowa, cikin abin da masana ke kira Adabin Kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa tun daga tsakiyar shekarun 1980. An fi sanin wannan adabi da labaran soyayya, amma yana da reshe na jarumta da tsafi da aljanu, inda marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini, mai Mazan Jiya da Kundin Tsatsuba, da Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, suka yi suna. Reshen kuwa tsohuwar saiwa gare shi, domin Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na ƙanensa Abubakar Imam duk a 1934 suka fito, bayan gasar rubutun da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933.

Mu nan Bibemi, a arewacin Kamaru, waɗannan littattafai sun yi mana abin da ya wuce nishaɗi. Makarantar gwamnati da Faransanci take koyarwa, kasuwa kuma da Fulatanci take ci, don haka da yawa daga cikinmu a shafukansu muka iya karanta Hausar boko. A cikin kayan 'yan kasuwa suke tsallako iyaka ta Yola ko ta Mubi, su sauka Garwa, sannan su ƙaraso mana. Kwafi guda sai ya zaga hannu goma, har bangonsa ya fita a ɗinke shi da zare. Daga baya takarda ta yi tsada, kasuwar littafi ta ja baya. Sai ga wayar hannu ta dawo da labaran ta wata ƙofa, ana karanta su da murya a YouTube, ana tura su ta WhatsApp, gidajen rediyo ma suna karantawa.

A shirin da nake gabatarwa mun taɓa karanta wani dogon labarin yaƙi wanda mai shi ya ajiye alƙalami shekaru masu yawa, sannan ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Ranar da na sanar cewa ci-gaba ya fito, waya ba ta huta ba don murna. Da muka yi mako biyu muna karanta sabon kashin, sai murya ta sauya. Wani mai sana'ar shanu daga Adumri ya bugo ya ce, "Malam, wannan ba jaruminmu ba ne. Namu ba ya tsayawa dogon tunani, sara kawai yake yi." Wata baiwar Allah daga Garwa ta ce ita kam sabon ya fi kama hankalinta, domin yanzu ne jarumin ya zama mutum, yana tsoro, yana kewar 'ya'yansa. Waɗansu kuma saƙonninsu ba su karantuwa a rediyo, saboda zagi ne tsagwaronsa, har da iyayen marubucin. Abin da ya haɗa masu fushin duka kalma ɗaya ce: an ci amanarmu. Wannan kalma ce nake so mu auna. Shin da gaske marubuci yana riƙe da amanar mai karatu? In yana riƙe da ita, ina ta fara, ina ta tsaya?

Na yarda akwai bashi, kuma na farkonsa shi ne ƙarshen labari. Wanda ya sayar maka da kashi na ɗaya ya bar jarumi a bakin dodo, ya karɓi kuɗinka ne bisa sharaɗin akwai na biyu, ko da bai furta ba. Alkawari kuwa kaya ne. Akwai marubutan da suka ɗauki wannan kaya da nauyinsa. Robert Jordan, ɗan Amurka, ya fara fitar da dogon labarinsa The Wheel of Time a 1990. Ya kai littafi na 11 sai ciwo mai tsanani ya kama shi. Da ya ga kwana ya matso, sai ya bar bayanai a kan yadda yake so labarin ya ƙare. Ya rasu a 2007, matarsa Harriet McDougal ta zaɓi wani matashin marubuci, Brandon Sanderson, ya ƙarasa aikin cikin littattafai uku da suka fito a 2009 da 2010 da 2013, sunayensu su biyu a bango. Mutumin da ke jinyar ajali amma yana tunanin waɗanda ke jiran ƙarshen labarinsa, ya san bakin alkawari.

Bashi na biyu ya fi wannan zurfi, shi ne kada sabon kashi ya mayar da tsohon ƙarya. Duniyar almara ma tana da dokokinta, marubucin ne ya kafa su, mu kuma muka amince. In ya ce mana takobin nan mutum ɗaya ne tak ke iya zare shi, to kada a littafi na bakwai mu ga kowane ɗan dako yana wasa da shi. In ya kashe abokin jarumi har muka zubar da hawaye, kada ya tashe shi ba tare da dalili ba don kawai kasuwa ta nema. Wanda ya yi haka ya mayar da hawayenmu abin dariya. Wannan jarrabawa ta taɓa cin manya. Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya gaji da Sherlock Holmes, gwanin binciken laifukan nan da ya ƙirƙira, ya hallaka shi a 1893. Masu karatu suka yi ca, masu buga mujallu suka zo da kuɗi, a 1903 ya dawo da shi da rai, ya ce ashe bai mutu ba. Mutane sun yi murna, amma daga ranar kowa ya san mutuwa a wannan labari ba ta da haƙori. Saboda haka idan mai karatu ya ce marubuci ya karya dokar da shi da kansa ya kafa, ƙorafinsa yana kan hanya, ya kamata a saurare shi.

Sai dai da na natsu a kan saƙonnin masu sauraro, na ga mafi yawan fushin ba daga waɗannan biyun ya taso ba. Labarin ya ci gaba, dokokinsa ba su karye ba. Abin da ake nema wani bashi ne na uku, wato marubuci ya sa mu ji abin da muka ji a wancan lokaci. Wannan kuwa babu mahalukin da ke iya biyansa. Yaron da ya karanta kashi na ɗaya a gindin fitilar ƙwai yana ɗan shekara goma sha biyar, ba shi da tunanin cefane, ba shi da tunanin kuɗin makaranta, yau magidanci ne mai iyali. Rabin daɗin da yake tunawa na littafin ne, rabi kuwa na ƙuruciyarsa ne, da abokan da suke rububin kwafi guda, waɗanda yau wani yana Duwala, wani yana Yawunde, wani ya riga mu gidan gaskiya. Idan ya buɗe sabon kashi bai tarar da su a ciki ba, sai ya ɗora laifin a kan mai alƙalami.

Shi ma mai alƙalamin shekarun nan sun bi ta kansa. Ursula Le Guin, marubuciya 'yar Amurka, ta fitar da littattafai uku na labarin Earthsea tsakanin 1968 da 1972, labarin matsafa da dodanni. Sai bayan shekara 18, a 1990, ta dawo da na huɗu mai suna Tehanu. A ciki babban matsafin ya rasa ƙarfinsa, labarin ya koma kan wata bazawara da yarinyar da aka zalunta. Waɗansu masoya sun ji haushi, waɗansu sun ce nan ne labarin ya girma. Ita dai ta rubuta abin da idonta na dattijuwa ya gani. Da ta kwaikwayi muryarta ta shekarun baya don ta faranta wa jama'a, da ta ba su jabu. Mai sana'ar shanun nan na Adumri yana son jarumi mai sara ba tunani, kuma yana da 'yancin so. Amma marubucin da ya binne iyaye, ya yi jinyar 'ya'ya, in har jaruminsa bai koyi tsoron mutuwa ba, to marubucin bai koyi kome daga rayuwarsa ba ke nan.

Abin mamaki ma shi ne mu Hausawa mu riƙa neman labari ya daskare wuri guda, alhali gadonmu bai san haka ba. Tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da kakata ke yi mana a Bibemi, da kalmomin Fulatanci a cikinta, ta sha bamban da wadda ake yi a Katsina, kuma ba wanda ya taɓa kai ƙarar wata tsohuwa don ta sauya ƙarshe. Magana Jari Ce, wanda ya fito kashi uku tsakanin 1937 da 1939, Abubakar Imam ya tsamo labaransa da yawa daga littattafan Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya sa musu riga da hula har suka zama 'yan gida. A shekarun 1980 gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da shi wasan kwaikwayo, su marigayi Ƙasimu Yero suka ba mutanen littafin fuska da murya, wani zamani ya san labaran ta allo kafin ya san su ta takarda. Ko Dare Dubu da Ɗaya haka ne. Labarin Alauddin da fitila da na Ali Baba ba sa cikin tsohon rubutun Larabcin da Bafaranshen nan Antoine Galland ya fassara. Daga bakin wani mutumin Halab, Hanna Diyab, ya ji su a birnin Faris a 1709, ya zuba su a ciki. Yau su ne aka fi sani a littafin duka. Labarin da ke da rai dole ya sauya, kamar yadda yaro ke sauya kamanni in yana girma.

Akwai kuma tambayar da masu fushi ba su cika yi ba: me ya sa marubucin ya ajiye alƙalami tun farko? Marubucin Hausa galibi shi ke biyan kuɗin ɗab'i daga aljihunsa, ya kai wa dillalai, ya zauna jiran ciniki. In kuɗin kashi na uku bai dawo ba, na huɗu ba zai fito ba, kome son da yake yi wa labarin. Yau kuma littafi na fita za a ɗauki hotonsa a watsa a waya, ko wani ya karanta shi da murya ya ɗora a intanet ba da izini ba, dubban mutane su saurara, mai shi ko sisi. Wanda ya karanta kashi biyar kyauta, sannan ya zo yana ɗaga murya cewa ana riƙe masa haƙƙi, ya dace ya fara duba nasa littafin bashin. Mu ma'aikatan rediyo wannan magana ta fi hawa kanmu, domin shirin da ke tara masu sauraro da guminsa, wajibi ne a nemi izininsa kuma a sallame shi.

Ko inda bashin yake na gaskiya, karɓarsa tana da ladabi. George R. R. Martin ya fitar da littafi na biyar na labarin da aka yi fim ɗin Game of Thrones da shi a 2011, masoya suka shafe fiye da shekara goma suna jiran na shida. Jiran ya yi tsawo, babu musu. Amma har ta kai waɗansu suna lissafin shekarunsa a fili, suna fargabar kada ya mutu bai gama musu ba, kamar ran mutum bai kai darajar littafinsa ba. Addininmu da ya tsananta a kan cika alkawari, shi ne kuma ya ce a saurara wa wanda ake bi bashi idan yana cikin ƙunci. Ƙirƙira ba awon hatsi ba ce da za a ce a cika mudu yanzu-yanzu.

Don haka ni a ganina mai karatu yana da damar ya nemi a ƙarasa masa labari, ko a fito a gaya masa gaskiya cewa ba za a iya ba. Yana da damar ya ƙi yarda a rushe abin da aka gina a kashin baya, kuma in wani ne ya karɓi alƙalamin, a rubuta sunansa a bango kada a ɓoye. Yana da damar ya ce sabon kashi bai yi masa daɗi ba, ya kawo hujja daga cikin littafin, ya rufe shi ya koma wa tsohon, wanda yake nan yadda ya bar shi ba a taɓa ko wasali ba. Iyakar haƙƙinsa ke nan. Zagin mutum da iyayensa don ya tsufa, ya sauya, ya rubuta abin da ya gani, zalunci ne, ko da so ne ya haife shi. Kuma al'ummar da marubutanta ƙalilan ne, harshenta kuma yana neman masu rubuta shi, in ta kori wanda ya dawo, gobe wani ba zai yi marmarin dawowa ba, jarumai da yawa za su dawwama a bakin dodo.

Allah Ya ƙara wa marubutanmu basira, mu kuma Ya ba mu adalci a kan abin da muke so.