Daminar da Iska ta Tuge Kuka

Tambayi tsohuwa a Gwiwa yaushe ta haifi ɗanta na fari, da wuya ta ambaci lamba. Za ta ce, "Daminar da iska ta tuge kukar bakin gari," ko kuwa "shekarar da jinkar rumbunmu ta tashi, aka tsinto ta a gonar maƙwabta." Hadarin farkon damina daga gabas yake taso mana, jar ƙura a gabansa, awaki na kuka, mata na rige-rigen kwashe shanya. In abin ya tsananta, sai ka ji ladan ya ɗaga murya da kiran sallah alhali lokacinta bai yi ba.

Ba mu kaɗai ke lissafi da iska ba. A ƙasar Ailan, daren 6 ga Janairu 1839 guguwa ta yaye rufin dubban gidaje. Da aka fara biyan fanshon tsofaffi a 1909, akan tambayi marasa takardar haihuwa ko sun tuna wannan daren. Wasu ƙauyawan can sun ɗora abin a kan aljanu, yadda kakanninmu ke cewa guguwa hawan iskoki ce.

Mu dai an sanar da mu wanda ke riƙe da linzaminta. Iska ce ta hallaka Adawa cikin dare bakwai da yini takwas, ita ce kuma ke koro girgijen da ke shayar da geronmu. Nana A'isha ta ruwaito cewa fuskar Annabi (SAW) takan canja in ya ga hadari ya haɗo, sai ruwa ya sauka hankalinsa ke kwanciya. Ya hana zagin iska, ya koya mana roƙon alherinta da neman tsari daga sharrinta.

Abin da ya fi taɓa ni a labaran tsofaffin nan, ba su tsayawa a ɓarna. Suna tuna wanda ya buɗe zaurensa cikin dare, da wanda ya yi sammako da azara a kafaɗa ba tare da an roƙe shi ba. Shekara hamsin ta wuce, sunansa na bakinsu, suna sa masa albarka.

Ɗan'uwa, kafin ka saɓa fartanya yau, leƙa ɗakin gwauruwar unguwarku. Duba gindin katangar da ruwa ya ci, da kwanon da ƙusarsa ta saki.

Ya Allah, ka ba mu damina mai albarka, ka tsare masu kwana a ɗakin ƙasa, ka jiƙan waɗanda gini ya danne.