Kewar Gida Ba Raunin Imani Ba Ce

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa.

Bayan haka, Kabawa da yawa sun yi ƙaura da iyalansu, waɗansu zuwa zangon Kumasi, waɗansu Sudan, waɗansu Jidda ko Ingila. In aka tambaye su abin da suke kewa, sai su ambaci shinkafar fadamar Rima, da kifin Matan Fada inda ake bikin kamun kifi na Argungu tun 1934, da hawan Salla a ƙofar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi. Amma abin da ya fi ci musu rai shi ne a yi suna ko jana'iza a gida ba su nan, 'ya'yansu kuma su tashi ba su san kakanninsu ba.

Wannan kewa ba laifi ba ce. Bayan hijira a shekarar 622, zazzaɓin Madina ya kama Bilal, ya dinga begen kwarurukan Makka. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai tsawata masa ba. Sai ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka, ko fiye.

Laifi yana kan wanda ya fake da nisa ya yanke zumunta, alhali mahaifiyarsa tana Argungu tana jiran jin muryarsa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. To, wanda ƙafarsa ba ta kai ba, wayarsa da aikensa su kai. Ya kuma koya wa 'ya'yansa harshen da za su gai da kakarsu da shi.

Allah Ya sada fuskoki da alheri, amin.