Yatsan Frodo da Gonar Marayu

Hausawa na cewa ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ban taɓa zaton wannan karin magana za ta tare ni a gidan kallo ba, sai daren da muka ga The Return of the King a ƙauyenmu na ƙasar Dambatta, janareta na ruri a bayan danga. Shi ne kashi na uku, kuma na ƙarshe, na The Lord of the Rings, wanda Peter Jackson ya fitar a 2003 daga littafin J.R.R. Tolkien, har ya lashe kyautar Oscar goma sha ɗaya.

Labarin na amana ne. An damƙa wa Frodo zoben mulki ya kai shi dutse mai aman wuta ya halaka shi. Ya sha yunwa, ya sha sara, ya isa. Da ya tsaya a bakin wutar kuwa, sai ya ce zoben nasa ne, ya zura shi a yatsa. Ba don Gollum ya gutsure yatsan ba, suka yi kokawa ya faɗa wutar da zoben, da duniya ta shiga uku. Duk da haka sarki da jama'arsa suka durƙusa wa Frodo. Shin ya cancanci wannan durƙuso?

Tambayar ba ta tatsuniya ba ce a wurinmu, inda gona ke jingine da gona, sai layin gamba ke raba su. Na san wani dattijo da ya riƙe gonar marayun ƙaninsa shekara da shekaru. Kowace bazara jakinsa na jigilar taki da mangala, kowace kaka yana auna musu geronsu ba ragi. Ranar da babban yaron ya isa karɓa, sai dattijon ya ce ai guminsa ya sayi gonar. Sai da aka dangana da dagaci ya saki, yana huci. Rabin gari suka ce asirinsa ya tonu, dama can maci amana ne.

Ban yarda da su ba, ko da yake hujjarsu ba ta banza ba ce: amana don ranar mayarwa ake ba da ita, wanda ya gaza a ranar ya gaza a inda ya fi muhimmanci. Sai dai mai wannan hukunci yakan manta cewa daɗewar riƙon ita ce ta raunana mai riƙon. Wanda bai taɓa zuba taki a gonar wani ba, kwaɗayinta ba zai kama shi ba, kuma ba tsarkin zuciya ya hana shi ba, nisa ne. A fim ɗin ma manyan masu hikima, Gandalf da Galadriel, ƙin karɓar zoben suka yi don tsoron kansu, suka bar ƙaramin halitta da kayan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan. Gollum ya kai bakin wutar ne saboda Frodo ya tausaya masa, ya ƙi kashe shi tun a hanya. Alherin jiya ne ya rufa asirin gazawar yau. Haka yaron nan: ƙarfin da ya tsaya da shi gaban dagaci, da geron dattijon aka gina shi.

Ba na cewa a wanke dattijon sarai. Frodo ma bai koma gida da yatsu goma ba, kuma bai iya zama a garin da ya ceta ba. Dattijon yana nan, yana bi ta gefen gonar in za shi masallaci. Yaron yakan ajiye fartanya ya gaishe shi, wani lokaci ya amsa, wani lokaci ya wuce.