Jitar Kwaikwayo da Sunan Aro

Sana'ata gyaran rediyo da lasifika ce, a nan Wudil, ba nisa da gada. Tun da aka buɗe jami'ar kimiyya da fasaha a 2001, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Aliko Dangote, kayan da ake kawo mini suka sauya. Har da jitar bes, mai kauraran tsirkiyoyi huɗu, wadda amonta kan ratsa ƙirji. Kusan duk wadda ta zo hannuna ta kwaikwayo ce, 'yar China, an sayo ta a Sabon Garin Kano ko a gwanjo. Masu ita kuwa tambayarsu ɗaya: "Baba, in kashe mata kuɗi, ko in tara in sayi ta asali?"

Hukuncin kiɗa na bar wa malamai, sun daɗe suna tattauna shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaskiya a kayan hannu. Shin duk abin da aka kwaikwaya ƙarya ne?

Ni dai a ganina, a'a. A 1951 Leo Fender ya fito da jitar bes ta lantarki a Amurka, kuma siffar da ya zana ita ce yawancin maƙera ke bi har gobe. Kamfanonin Japan sun kwaikwaye shi, suka iya ƙwarai, har a 1982 kamfanin Fender da kansa ya shiga yin mai araha da sunan Squier. Sana'a da kwaikwayo take yaɗuwa. Ni ma hannun maigidana na zura wa ido kafin na iya riƙe dalma, kuma ban taɓa jin na yi masa sata ba.

Ƙaryar tana can saman kan jitar, inda aka manna sunan kamfanin da bai taɓa ganinta ba. A Sahihu Muslim an ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya tsawatar wa mai shi, ya kuma nesanta mai algus daga kansa. Jiƙaƙƙen hatsi ba haram ba ne sayar da shi, ɓoyewar ce laifin. To haka jita mai araha: a faɗi ko ita wace ce, a saye ta a kan kuɗinta, ciniki ya halatta.

Batun gyara kuwa, duk wanda ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ya san amsar. Mai kiwo ba ya gudun ramammen sa. Ƙashinsa yake dubawa, ya buɗe baki ya ga haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Nama dusa da harawa za su kawo shi, amma ƙashi in ya lalace babu abincin da zai miƙe shi. A jita wuyan shi ne ƙashin. Nakan ɗaga ta, in runtse ido ɗaya, in bi wuyan da kallo tun daga gindi har kai. In lanƙwasa ce kawai, akwai sandar ƙarfe a ciki da ake ɗaurewa ya miƙe. In ya murɗe, sai in ce wa yaro ya riƙe kuɗinsa. Hunturunmu ma ba ya raga wa ɗanyen katako: itacen ya tsuke, bakin ƙarafan da aka jera a wuya su fito suna yankar yatsa, sai an bi su da zarto a hankali. Sauran duk mai sauƙi ne, sabuwar tsirkiya, wayoyin ciki da aka liƙa da ƙarancin dalma, ramin da ake soka waya, wani lokaci maganaɗisun da ke ɗaukar amo.

Gyaran nan yana da daraja a wurina, domin alkinta abin da Allah ya hore maka shi ma godiya ce. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zaga duniya, gwangwani ne rufe da fata, tsirkiya ɗaya tal. Mdou Moctar na Nijar kuwa da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Babu ɗayansu da ya jira kayan tsada, kuma babu wanda ya ari sunan wani ya manna.

Amma akwai iyaka. Na ga ɗalibin da kuɗin gyaransa ya ninka kuɗin jitar, alhali mahaifinsa rago ya sayar ya biya masa kuɗin makaranta. Wannan almubazzaranci ne, na kuma faɗa masa a gaban idonsa. Ran da zai sayar, ba mai mayar masa da abin da ya zuba.

Sharaɗina ga kowa guda ne. Kafin in kunna ƙarfen dalma, sai mai jitar ya yarda in sa yashin goge katako in kankare sunan aron. Waɗansu kan yi jim, don sunan suke so abokai su gani. Nakan ce masa, "Ɗana, gobe za ka sayar da ita ga wanda bai san komai ba, kuma aikin hannuna ne zai sa ya yarda da ƙaryar." Wanda ya ƙi, sai in miƙa masa kayarsa, in nuna masa hanyar wani shagon.