Takardar Shaida, ko Shaidar Zur?

Ya kai mai karatu, wanda ka soma bin Yesu Almasihu, ko kuwa kana cikin bincike tukuna, ga wata tambaya wadda ta kan tsaya gaban 'yan makaranta da iyayensu kowace shekara: ko ya halatta ɗan makaranta ya saci amsa cikin jarrabawa, tun da ya ke dukan begensa yana rataye ga takarda guda? Kada ka yi garajen amsawa. Bari mu fara duban nauyin da ke bisa kan yaron, sa'an nan mu auna al'amarin da ma'aunin Maganar Allah.

A ce wani yaro ne na Tafashiya, cikin ƙasar Kankiya. Ya yi shekara 6 a firamare, da 3 a ƙaramar sakandare, ga shi kuwa ya kai ƙarshen shekara 3 na babbar sakandare. Ubansa manomi ne; ya sayar da dawa, wata shekara har da rago, domin littattafai da tufafin makaranta. Yaron ya sani sai ya ci darussa 5 da kyau, har da Turanci da Lissafi, cikin jarrabawar WAEC ko NECO, ya kuma haye ta JAMB, kāna ƙofar jami'a ta buɗe masa, ko ta Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma cikin 2011, ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina. Lissafi kuwa ya gagare shi. Sai abokinsa ya ja shi gefe, ya ce masa, "Kawo 'yan kuɗi, za a shigo mana da amsa. Ai kowa haka ya ke yi." Wannan jaraba ce mai ƙarfi, wanda ya raina ta bai san zafin talauci ba. Amma fa cikin jarrabawar malamai akwai wata jarrabawa ta biyu, wadda Allah da kansa ne mai dubanta.

Da fari, ka lura da sunan abin da yaron ke nema. Ana ce da ita takardar shaida, gama tana tsayawa gaban mutane maimakon malaman da suka gwada shi, tana shaida cewa wāne ya san abu kaza. In kuwa bai sani ba, takardar ta zama mai shaidar zur, shi ne kuma ya sa mata ƙarya a baki. Cikin Dokoki Goma da Allah ya ba Musa, waɗanda ke rubuce a Littafin Fitowa sura 20, an hana sata, an kuma hana shaidar zur, ɗaya tana bin ɗaya. Mai satar amsa ya karya su duka biyu a zama guda. Kada ya ce bai ɗauki kayan kowa ba. Gurabe a jami'a ƙididdigaggu ne; wanda ya shiga da amsar sata ya ture wata yarinya ta Kusada wadda ta kwana tana bita da hasken fitila. Da shi da mai awo da mudu biyu a kasuwa, laifinsu ɗaya ne.

Na biyu, ɓarnar ba ta tsaya a ɗakin jarrabawa ba. A Kankiya akwai makarantar koyon aikin lafiya. Wanda ya fito daga irin wannan makaranta, shi za a kai wa jariri mai zazzaɓi da tsakar dare a wani ƙauye inda babu likita. Idan da ƙarya ya shiga, da ƙarya kuma ya fita, wa zai auna masa maganin a daren nan? Haka malamin da bai san abin da ya ke koyarwa ba, zai cuci yara aji bayan aji, su kuwa ba su yi masa laifin kome ba. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ko hukumar ƙasa ta gane haka, gama cikin 1999 an yi doka wadda ta sa tara ko ɗauri a kan maguɗin jarrabawa. Amma mai bin Almasihu ba tsoron alƙali ne ke tsare shi ba. Ƙaunar maƙwabcinsa ce, wanda ransa zai shiga hannunsa wata rana.

Na uku, game da zancen nan cewa kowa yana yi, ka tuna da Daniyel da abokansa uku. An kai su Babila suna samari, aka sa su makarantar sarki har shekara 3, a ƙarshe kuma sarki da kansa ya gwada su. Aka ba su abinci daga teburin sarki, amma Daniyel ya ƙudura a ransa ba zai ƙazantar da kansa ba. Bai yi tawaye ba, bai zagi kowa ba. Ya roƙi shugabansa da ladabi. Haka ya kamace ka. Ka ƙi da tawali'u, ba tare da ɗaga kai bisa 'yan ajinka ba. Maƙwabtanka Musulmi masu tsoron Allah su ma sun san ha'inci haram ne, suna kuwa duban sabon mai bi, su ga ko tubansa ya kai har cikin aljihunsa da alƙalaminsa.

Watakila za ka ce, "To, in na ƙi, na kuwa faɗi fa?" Ba za mu ruɗe ka ba: mai yiwuwa ne ka faɗi, mai ha'inci ya wuce. Allah bai yi alkawari kowane mai gaskiya zai shiga jami'a ba. Amma ka dubi misalin da Ubangiji ya bayar cikin Matiyu sura 25, na bayi uku da aka ba su talanti, ɗaya 5, ɗaya 2, ɗaya 1. Mai 5 da mai 2 yabo iri ɗaya suka karɓa, domin abin da ubangidansu ya auna shi ne aminci, ba yawa ba. Lalle muna gode wa Allah sabo da irin su Dokta Barau Dikko na Wusasa, likitan farko daga Arewacin Nijeriya, da Dokta Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Duk da haka, masu wankin gyambo da suka yi wa kutare hidima a Babbar Ruga kusa da Katsina, waɗanda ba a rubuta sunayensu ko'ina ba, ba su gaza waɗannan daraja a gaban Allah ba. Ubangijinmu da kansa an san shi a Nazarat da sassaƙa, Manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti ya ci abinci. Akwai jarrabawar masu zaman kansu ga wanda zai sake gwadawa. Akwai kwalejin horon malamai, da kwalejin fasaha ta Hassan Usman a Katsina. Akwai noma, da ɗinki, da gini, da gyaran injuna. Ba hanya guda kaɗai Allah ya buɗe wa ɗan adam ba.

Idan baƙin ciki ya danne ka bayan sakamako ya fito, har barci ya ƙaurace maka, ko ka ji rai ya fita kanka, kada ka ɓoye. Ka faɗa wa fasto, ko wani dattijon ikilisiya, ko mahaifiyarka, tun da wuri. Ranka ya fi takarda nesa. Ku kuma iyaye, kada ku ce wa yaro ya ɓatar muku da rago a banza. Kada kuwa ku miƙa masa kuɗin sayen amsa da hannun da ku ke ɗagawa cikin addu'a.

In kuwa ka riga ka yi wannan abu, kada ka fid da zuciya. Zakka mai karɓar haraji ya tara dukiya da zamba, amma ran da Yesu ya sauka gidansa, ya tuba, ya ɗauki alkawarin mayar wa waɗanda ya cuta. Ba takarda ce ke ceton mutum ba, ba kuwa gaskiyar kansa ba. Almasihu ne, wanda ya mutu domin masu zunubi, ya kuma tashi. Ka furta laifinka gare shi, ka nemi shawarar dattawa a kan abin da za ka gyara, ka koma ka koyi da gaske abin da takardarka ta ce ka sani.

Ya Ubangiji Allah, mai ganin abin da ke ɓoye, ka ba 'ya'yanmu ƙwazo cikin karatu, da ƙarfin zuciya a ranar gwaji. Ka ta'azantar da waɗanda suka faɗi, ka tsare waɗanda suka ci daga girman kai, ka nuna wa kowa aikin da ka shirya masa. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.