HIRAR FIM A FADA: INA SHARHI YA TSAYA, INA GIBA TA FARA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore wa ɗan Adam harshe, ya kuma sanya masa masu tsaro a kansa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi. Wani dare bayan sallar isha'i wani saurayi daga cikin masu bin mu salla ya tsayar da ni a ƙofar masallaci da tambaya. Ya ce shi da abokansa suna da fada inda suke shan shayi, kuma mafi yawan hirarsu ba ta wuce fina-finan Hausa da wasannin ban dariya na talabijin: wane ya iya wasa, wance ba ta dace da matsayin da aka ba ta ba, da an ɗauko wane da fim ɗin ya fi armashi. Ya ce: "Malam, wannan hira tamu giba ce ko ba giba ba ce? Ai mutanen nan ba su san da mu ba, mu ma a akwati kaɗai muke ganin su." Na ba shi amsa a taƙaice a wannan dare. Amma da na koma gida sai na ga tambayar ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, domin hirar nan ta game fadodi da shagunan tela da tashoshin mota, tun daga Yamai har Damagaram.

Hukuncin kallon fim da yin sa mas'ala ce dabam, malamai sun yi magana a kanta, ba ita ce a gabanmu yau ba. Abin da ke gabanmu shi ne harshen mai kallo. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a shekarar 1990, kaset-kaset ɗin Hausa suka riƙa tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Tawa da sauran garuruwanmu. Ni kaina ina yaro na sha biyan dala biyar in shiga gidan kallo bayan an tashi daga madarasa. Yau kaset ya tafi, fim ya koma cikin salula, amma hirar da ake yi bayan kallo tana nan, ta ma ƙaru.

Idan mutum ya buɗe baki zai yi magana a kan fim, abubuwa uku ne a gabansa, kuma kowanne da hukuncinsa. Akwai aikin da aka yi, akwai mutumin da aka kwaikwaya a cikin labari, akwai kuma bawan Allah da ya yi kwaikwayon. Duk ruɗanin da muke ciki daga cakuɗa waɗannan uku ya fito.

Na farko, aiki. Wanda ya fitar da aikinsa kasuwa ya ba mutane damar su auna shi. In masaƙi ya shimfiɗa zane a kasuwa, mai saye ya ce saƙar ba ta yi kauri ba, babu wanda zai ce ya yi giba. Haka mai kallo in ya ce labarin ya yi tsawo, ko an maimaita magana, ko ɗan wasan da aka sa ya fito a matsayin malami bai iya karatun da ya dace da malami ba. Wannan sharhi ne, kuma in an yi shi da gaskiya yana iya zama nasiha. Ku ɗauki shirin Labarina na Aminu Saira, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a 2020. Nafisa Abdullahi ce ta fara fitowa a matsayin Sumayya, daga baya Fati Washa ta karɓi matsayin. Masu kallo sun yi ta musu a kan wannan canji, wasu suka ce sun saba da ta farko, wasu suka ce ta biyu ta riƙe matsayin yadda ya kamata. Wanda ya tsaya a nan bai ci naman kowa ba. Ra'ayi ne a kan sana'a, kamar yadda manoma ke musu a kan irin gero.

Na biyu, mutumin cikin labari. Sumayya ba ta da uwa ba ta da uba a duniya, marubuci ne ya ƙaga ta. In ka ce muguwar kishiyar da ke cikin fim azzaluma ce, babu mai kama ka ranar hisabi, domin babu rai a bayan sunan.

Na uku shi ne wurin zamewa. Hira takan fara da "ba ta dace da matsayin ba", kafin a zuba shayi na biyu ta koma "dubi bakinta", "ai mai take shafawa", "aurenta nawa ya mutu", "an ce da wane take". A nan an bar aiki, an bar labari, an kama mutum. Imamu Muslim ya ruwaito yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya bayyana giba: ka ambaci ɗan'uwanka da abin da ba ya so, in abin yana tare da shi ka yi gibarsa, in kuwa babu shi ka yi masa ƙage. Ba a sa sharaɗin cewa sai ya san ka ba, ba a kuma togace wanda ya yi suna ba. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Nana A'isha ta yi nuni da gajartar Nana Safiyya, sai Annabi ya tsawatar mata, ya kwatanta kalmar da abin da zai iya gurɓata ruwan teku. Kalma guda ke nan a kan tsawon jiki. To ina ga wanda ya kwashe dare yana rarraba halittar ƴar mutane gaɓa-gaɓa? Zargin alfasha kuwa ya wuce giba, ya shiga ƙazafi, wanda Suratun Nur ta yanke wa bulala 80 ga duk wanda bai kawo shaidu 4 ba. Wannan hukunci bai ware ƴar fim ba.

A ƙasarmu muna da darasi a kan abin da cakuɗa ɗan wasa da matsayinsa ke haifarwa. Zalika Sule, ƴar Yamai, tana cikin matan farko da suka yi sana'ar fim a Afirka ta Yamma. Ta fito a fim ɗin Mustafa Alasan a 1966, ta kuma fito a Wazzou na Umaru Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Sau da yawa ana ba ta matsayin mace marar kirki, sai jama'a suka ɗauki halin cikin fim suka lanƙaya mata a rayuwa, ta sha tsangwama da ƙyama a cikin garinsu. Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta a 2004, ita kuma ta rasu a 2021. Waɗanda suka yi ta jifan ta da magana ba su zauna sun ƙulla mata sharri ba. Kowa ya jefa kalmarsa ne cikin hira ya wuce, yana ganin ba komai. Amma da ɗiga-ɗiga tulu ke cika, kuma a kan mutum guda duk kalmomin suka taru.

Na san abin da wani zai ce: ai su suka fito da kansu, kuma malamai sun halatta magana a kan mai bayyana saɓo. Gaskiya ne Imamu Nawawi a cikin Riyadus Salihina ya lissafa wurare 6 da giba ke halatta, kuma wannan yana cikinsu. Sai dai ya ɗaure shi da sharaɗi: ana ambaton mutum ne da abin da ya bayyana kaɗai, ba a ƙara da wani aibi nasa. In an nuna rawa ko shigar da ba ta dace ba a fim, ka ce wannan bai dace ba, ka hana iyalinka kallo, ka yi daidai. Amma wannan bai buɗe maka ƙofar gidansa ba, bai ba ka izinin tona aurensa da asalinsa da abin da ka ji a bakin wani ba. Sannan mu tambayi kanmu tsakani da Allah: wanda ke ba da labarin ƴar fim a fada yana ƙyaƙyata dariya, gargaɗi yake yi ko daɗin baki yake ji? Mai gargaɗi zuciyarsa a ɓace take. Akwai ma abin kunya a ciki: mutum ya raba dare yana kallon su, ya biya kuɗin kati don su, gari ya waye ya ce dukansu ƴan wuta ne. In aikin ɓarna ne, da kuɗinka da idonka aka raya shi.

Sai wasan ban dariya. Musulunci bai hana dariya ba. Annabi yana raha da sahabbansa da iyalinsa, sai dai ba ya faɗin komai sai gaskiya. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a watan Disamba na 2014, ya sa gidaje da yawa dariya a Nijar kamar yadda ya sa a Najeriya, kuma masu ban dariya sun sha faɗa wa mai kuɗi da mai mulki abin da talaka ba ya iya faɗi. Haɗarin yana ga abin da mai kallo ke ɗaukowa ya kai unguwa. An kwaikwayi mai in'ina a fim, gobe yaron da ke in'ina a lakwal ya sami sabon suna. An kwaikwayi Hausar Bafillace ko ta Buzu, gobe mai tallan nono ta zo wucewa a bi ta da wannan murya. Wasan da ke tsakanin ƙabilunmu tsohon abu ne mai kyau, domin kowa yana ramawa kuma a rabu ana dariya. Amma in ɗaya na dariya ɗaya na haɗiye baƙin ciki, wannan izgili ne, kuma aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da munanan laƙabi, kafin aya ta 12 ta hana mugun zato da bin diddigi da giba.

Ga ma'aunin da na ba saurayin nan, ina kuma ba kaina. Kafin ka yi magana a kan ɗan fim, ka ɗauka ya yi sallama ya zauna a tabarmarku, an miƙa masa kofin shayi. In za ka iya cewa a gabansa "wasanka a fim kaza bai gamsar da ni ba, ga dalili", to faɗi a bayansa. In kuwa maganar irin wadda za ka haɗiye ce da ka gan shi, to haɗiye ta tun yanzu. In hira ta karkata kuma, kada ka ce ai ni saurare kawai nake, domin mai saurare da yarda abokin tarayya ne. Ka mai da ita kan aikin, ko ka tashi. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikinsu kuwa, Bukhari ya ruwaito hani ga zagin matattu, sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Addu'a ce haƙƙinsu a kanmu.

Waɗannan mutane suna da iyaye masu jin zafin abin da ake faɗi, suna da ƴaƴa masu zuwa makaranta tare da namu. Ranar da za a yi sakayya da lada, abin takaici ne mutum ya ga sallarsa da azuminsa sun koma ma'aunin wanda bai taɓa gani ido da ido ba, saboda hirar da shi kansa ya manta da ita.

Allah ya tsare harsunanmu, ya shirye mu da su baki ɗaya, ya gafarta wa mamatanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.