KYAUTAR WUNI GUDA: ALHERI CE KO LASA ZUMA A BAKI?

A 'yan shekarun nan wata al'ada ta shigo mana wadda ya kamata masu alƙalami su tsaya su dube ta da idon basira. Wato sai ka ga ɗaliban jami'a, ko injiniyoyi, ko ma'aikatan wani kamfani, sun ware rana guda sun ɗunguma zuwa wata makarantar firamare don aikin sa-kai, ɗauke da kwamfutoci da batura da wayoyin lantarki. Yara su wuni suna taɓawa, suna haɗawa, suna warwarewa. La'asar sakaliya baƙi su tattara kayansu su kama hanya. Abin ba namu ba ne mu kaɗai, domin tun 2013 ƙungiyar Code.org ta Amurka ta ɓullo da shirin sa'a guda ta koya wa yara rubuta manhajar kwamfuta, a 2015 kuma kamfanin SAP da abokan aikinsa suka ƙirƙiro makon irin wannan koyarwa a ƙasashen Afirka.

Tambayar da nake son mu tattauna, mai karatu, ita ce: shin ya dace a nuna wa yaro abin da ba za a bar masa ba? Wanda ya kunna wa yaro kwaɗayin abin da babu shi a makarantarsu, babu a gidansu, ya kuma tafi, alheri ya yi masa ko cuta?

Masu cewa cuta ce suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Su a ganinsu yaron da bai taɓa ganin kwamfuta ba yana zaune lafiya. Ranar da aka ɗora yatsunsa a kanta, ranar ce ya san akwai abin da ya rasa. Washegari zai koma ajin da babu lantarki, wataƙila ma babu benci, ya ci gaba da kwafar allo, sai dai yanzu da miki a zuci. Suna kuma ƙarawa da cewa sau da yawa ribar ranar ta baƙin ce: su ne za su ɗauki hotuna, su ne za a yaba wa, yaran kuwa ado ne kawai a cikin hoton. Idan haka ne, ashe abin ya fi kusa da riya bisa ga sadaka.

To, sai mu tambaye su: da an bar wa yaran kayan, shi ke nan magana ta ƙare? Tarihi bai nuna haka ba. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a Nijeriya a 1982, gwamnati ta sayo injunan koyar da fasaha daga ƙasashen waje ta rarraba wa ƙananan makarantun sakandare. Da yawa daga cikinsu a cikin akwatunansu suka yi tsatsa, saboda babu ɗakin aiki, babu lantarki, babu malamin da ya san yadda ake tayar da su. Haka kuma a 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya shelanta shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, wadda aka yi wa laƙabi da kwamfutar dala 100. A 2007 aka gwada shirin a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, bai kuwa yi tsawon rai a ƙasar nan ba. Ƙasar Peru ta sayi irin waɗannan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012, a kan makarantu 319, bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi ko na harshe ba, ko da yake yaran sun iya sarrafa na'urar, an kuma ga ɗan ci gaba a kaifin tunaninsu.

Darasin da ke nan shi ne, na'ura ba ta koyarwa ita kaɗai. Abin da ya yi ƙaranci a waɗancan wurare shi ne mutum mai sani da zai zauna kusa da yaro. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da 'yan sa-kai ke kawowa, ko da na wuni guda ne. Saboda haka kuskure ne a auna ranar da yawan kayan da aka bari.

Me wuni guda zai iya yi? Ba zai mai da yaro injiniya ba. Kakanninmu sun san haka, shi ya sa ɗan maƙeri kan share shekaru yana zuga kafin a danƙa masa masaba. Amma akwai abu guda da kan faru cikin ƙiftawar ido, wato mutuwar tsoro. Yawancinmu mun tashi muna kallon rediyo da talabijin da wayar salula kamar tsafin Bature ko na mutanen Sin, abin saye da lallaɓawa, wanda buɗe cikinsa ganganci ne. Yaron da ya haɗa batir da waya da ƙwan fitila da hannunsa, ya ga haske ya kama, ya cire waya ya ga ya mutu, ya fahimci cewa abin yana da dalili, kuma mutum irinsa ne ya ƙera shi. Gani ya kori ji, taɓawa kuwa ta fi gani. Yaran da ke ƙera mota da kara da gwangwani a lungunanmu ba basira suka rasa ba, wanda zai ce musu wannan wasan naku shi ne tushen aikin injiniya suka rasa.

Alal misali, dubi William Kamkwamba na ƙasar Malawi. Yunwar da aka yi a ƙasarsu a 2001 zuwa 2002 ta raba shi da makaranta saboda iyayensa sun kasa biyan kuɗi. A wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na ƙauye ya ga hoton injin da iska ke juyawa a bangon wani littafi, sai ya tattara tarkacen keke da fankar tarakta da bututun roba ya ƙera nasa, ya kawo wa gidansu haske, alhali bai wuce shekara 14 ba. Hoto guda ne ya kunna shi. Sai dai a lura, ɗakin karatun bai tattara ya tafi da la'asar ba. Ya koma ya sake komawa, kullum littafin na nan yana jiran sa.

A nawa ra'ayin, a nan ne hukuncin yake. Kwaɗaita wa yaro ilimi ba laifi ba ne, domin zaman lafiyar da jahilci ke bayarwa ba abin da za a yi wa yaro fata ba ne. Amma wanda ya kunna kwaɗayi ya ci bashi, kuma wajibi ne ya bar hanyar biya. Hanyar kuwa ba ta da tsada. Na farko, a yi aikin da abin da yaro zai samu a kasuwar garinsu bayan an tafi, kamar batir da waya da mataccen rediyo da injin tsohuwar motar wasa, maimakon na'urar da ba zai sake gani ba sai a mafarki. Na biyu, kada a mai da malamin aji ɗan kallo ko mai tsare ƙofa da bulala, a fara koya masa kafin yaran, domin shi ne zai kwana a garin. Na uku, a gayyato mai gyaran rediyo ko mai gyaran waya na unguwa, irin matasan da suka cika kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, don yaro ya ga cewa mai wannan sani yana jin Hausa, kuma yana cin abinci da shi. Na huɗu, a tabbata kayan sun kai hannun 'yan mata da yaran da ke bayan aji, ba 'yan gaban goshin malam kawai ba. Na biyar, kada a yi alkawarin dawowa idan ba za a dawo ba, domin yaro ba ya mantawa, kuma ƙaryar babba ita ma darasi ce da yake ɗauka.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa aikin da ya ɗore, ko da kaɗan ne, ya fi mai yawa da aka yi sau ɗaya aka watsar. Duk ɗan sa-kai da ke son ya san matsayin niyyarsa, ya tambayi kansa ko zai je makarantar da an hana ɗaukar hoto, ya kuma tambayi kansa abin da yaran za su iya yi ranar Litinin da ba su iya ba ranar Juma'a. Idan yana da amsa, to ya je, ya kuma sake komawa, da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya sa mu dace.